Ranar Sunan Jikata Na Bar Gida da Tsakar Rana

Assalamu alaikum. A shekarun da zan ba ku labari, idan mutum ya shigo ƙauyenmu da ke kusa da Gangara ya tambayi matar nan da ba ta zama, gidanmu za a nuna masa. Fataucin awaki nake yi, jajayen nan namu na ƙasar Maradi, idan kaka ta yi kuma in haɗa da wake da gyaɗa. Ina cin kasuwar Gangara, in ci ta Gazawa da ta Agye, wani lokaci har in bi mota zuwa Gidan Rumji idan na ji labarin dabba ta yi araha a can. Da damina ni ke nome gamanata, 'yar gonar da aka yanka mini, da hannuna. Mutane sun yi surutu a kan mace mai tsayawa cikin dillalai har suka gaji, maigidana kuwa bai taɓa hana ni ba. Lakol ɗin da na yi, wato boko, ba ta da nisa, iyakacinta in karanta in rubuta, amma ina iya buɗe bakin akuya in taɓa ƙugunta in san abin da za ta zama nan da wata damina. Ina da ƙarfi, ina da baki, kuma ban taɓa ɗaukar rana a matsayin abin tsoro ba. A cikinta na tashi, a cikinta nake neman abinci.

Gidanmu ba babba ba ne. Akwai maigidana, manomi mai sanyin hali, da mahaifiyarsa wadda muke kira Inna, tsohuwa mai kaifin harshe da ba ta iya lallashi ba. Sai ɗiyata ta fari da ƙannenta maza. Ɗiyar nan Inna ce ta goya ta tun daga yaye, kamar yadda aka saba, don haka Yaya take kirana. Ni kuma ina yi mata kunyar ɗan fari sosai. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa zama na yi hira da ita ba, ko ranar da aka kai ta ɗakin mijinta can wajen Agye a bayan rumbu na ɓuya na yi kukana.

Ciwon ya fara ne da gajiya. In dawo daga kasuwa in ji kamar an yi mini duka, gari ya waye ban warware ba. Sai zazzaɓi mai zuwa yana komawa, sai yatsuna da gwiwoyina suka fara ƙagewa da safe, har igiyar akuya ta riƙa zame mini. A ƙaramin asibitin da ke kusa da mu an yi mini maganin zazzaɓin sauro ba sau ɗaya ba, an yi na taifot, in ɗan ji sauƙi in koma kasuwa, ciwo ya dawo fiye da da. Daga nan wani tabo ya fito mini a kumatu biyu ya haɗe ta kan karan hanci, bakina ya yi gyambo, gashina ya fara bin matsefi har mai kitsona ta rasa abin kamawa. Nan fa bakin mutane ya buɗe. Wasu suka ce man shafe-shafe na yi don in yi fari, wasu suka ce abokan sana'a ne suka yi mini sammu, wasu suka ce na taka abu a hanyar kasuwa. Akwai wadda ta janye ɗanta daga kusa da ni don ta ji an ce kuturta ce. Na sha saiwoyi, na yi hayaƙi, na sha rubutu. Sai da ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya daina shiga, sannan maigidana ya ce ya isa, mu tafi Maradi.

A can muka samu wani likita mai haƙuri. Ya duba fuskata da yatsuna, ya sa aka ɗebi jini da fitsari, wani gwajin ma sai da aka aika Yamai muka koma gida muka jira. Da muka dawo ya ce sunan ciwon lupus, kuma mata ya fi kamawa. Ya ce ba sammu ba ne, ba a ɗaukarsa daga wani, ba kuma na yi wani laifi ba. Dakarun da Allah ya sa a jiki don su kare shi daga cuta ne suka ruɗe suka juya suna yaƙar jikin, har sun fara taɓa mini ƙoda. Ya ce ba ya warkewa kwata-kwata, amma ana kwantar da shi da magani mutum ya yi shekaru yana harkarsa. Duk wannan na saurara da natsuwa. Sai ya ce abu na ƙarshe, dole in guji rana, domin ita ke tayar da shi. Na yi dariya a gabansa, na tambaye shi a wane gari zan zauna ke nan. Bai yi dariya ba. A cikin motar komawa gida ina kallon gonaki ta taga, ina kallon mata sunkuye suna aiki, na ji kamar an ce da ni duk wannan an rufe mini shi.

Maganin ya yi aiki, ban musa ba. Kumburin ƙafa ya saɓe, zazzaɓi ya tafi, tabon fuska ya dushe. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin ya cika mini fuska ta yi zagaye kamar faifai, masu zuwa dubiya suna ta barka, wai har na yi ƙiba, hutu ya karɓe ni. A daidai lokacin da kowa ya ce na warke, a lokacin abin da ya fi ciwon ya fara. Na kasa zama wuri ɗaya. In shiga ɗaki in ji ya matse ni, in fito ƙarƙashin rumfa in ji ba nan ba, in je zaure in leƙa hanya in dawo, in buɗe ƙwarya in rufe ban san me nake nema ba. Barci ya ƙaurace mini, amma da rana kuma jikina nauyi kamar an jiƙa shi. Ranar kasuwa ta fi kowace rana tsanani. Ina jin ƙarar amalanke da kukan awaki suna wucewa ta bayan darni, in san wane ne ke tafiya, in san a gindin wace bishiya zai tsaya, sai ƙirjina ya riƙa bugawa kamar na makara. Awakina aka miƙa wa ƙanen maigidana ya ci gaba da su. Tuwo ya daina yi mini ɗanɗano. Ko salla na tayar sai in rasa raka'a nawa na yi.

Na gwada faɗa wa maigidana. Na ce masa zuciyata ba ta da daɗi, ina jin kamar ba ni ba. Ya dube ni da tausayi, ya ce in yi ta godiya ga Allah, in tuna yadda aka kai ni Maradi a kwance ga shi yau ina tafiya da ƙafata. Gaskiya ya faɗa, kuma da zuciya ɗaya ya faɗa, amma sai maganar ta zame mini wani sabon nauyi, na ga ashe bayan ciwo har butulci ina da shi. Wata maƙwabciya ta ce ƙarancin tawakkali ne. Daga nan na rufe bakina. Duk wanda ya tambaye ni jiki sai in ce da sauƙi. Duk lokacin da muka koma wajen likita ya tambayi gaɓoɓina da fitsarina ina ba shi amsa, abin da ke cikin raina kuwa ban ga ta inda zan fara ba, don ban san ma ana kai wa likita irin wannan ba.

Ana cikin haka ɗiyata ta dawo gida goyon ciki. Na ɗauka wannan ne zai tashe ni. Tun tana ƙarama nake ajiye wannan lokacin a raina, domin shi ne lokacin da al'ada ta yarda uwa ta yi wa ɗiyarta ta fari hidima a fili, ta dafa mata ruwan wanka, ta dama mata kunun kanwa, ta gasa mata jiki. Ta haihu lafiya, mace, cikin bazara. Washegari na tashi na hura wuta na ɗora babbar tukunya. Da ruwan ya tafasa na kama in sauke, sai yatsuna suka ƙi riƙewa, tukunya ta karkace, ruwan ya kwarare ƙasa, saura kaɗan ya zubo wa mai jego da ke zaune tana jira. Inna ta taso da faɗa, ta ce in matsa in je in zauna, ita za ta yi. Tsohuwar da ta kusa ninka ni a shekaru ita ta yi ta sauke tukunyar nan kowace safiya, ni ina cikin inuwa ina kallo. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne da aka miƙo mini jaririyar. Na riƙe ta, na ga kyawunta, na san ya kamata in ji daɗi, amma ban ji komai ba. Cikina wayam. Tun daga ranar wata magana ta zauna mini a kai tana maimaita kanta, cewa gidan nan ya fi sauƙi idan babu ni.

Ranar suna gida ya cika. Dangin miji sun zo daga Agye, namu sun zo har daga Gidan Sori, ana ta guɗa, ana kwasar tuwo, kowa da abin da yake yi. Duk aikin da na kai hannu sai wata ta karɓe ta ce in huta. Na zaga tsakar gida, na shiga ɗaki, na fito, na koma. Da rana ta take, na ja mayafina na fita ta ƙofar baya wajen turken dabbobi, ba laima, ba ruwa, na kama hanyar da nake bi zuwa kasuwa. An sha tambayata ko na san abin da nake yi. Na sani, kuma ban sani ba. Ban ce zan je in halaka kaina ba, amma na san abin da likita ya faɗa game da rana, kuma ban damu ba. Ƙafafuna kawai nake so su yi ta tafiya har abin da ke cikin kaina ya yi shiru. Rairayi yana ƙona ni ta cikin takalmi, fuskata tana zafi kamar an watsa barkono, ina wuce gonakin da aka share ana jiran ruwa, ba kowa sai ni. Ban san iya nisan da na yi ba. Abin da na tuna shi ne ƙasa ta taso ta same ni.

Wata Bafulatana mai tallan nono ce ta tsince ni, tana dawowa daga gari. Ta ja ni zuwa gindin wata aduwa, ta jiƙa mayafina da ruwan gorarta ta rufa mini a fuska, ta riƙa ɗura mini kaɗan-kaɗan. Ashe ta san ni, na taɓa sayen awaki a rugarsu. Ta tambaye ni ina za ni a wannan rana, alhali yau ba kasuwa ba ce. Na buɗe baki in ce mata wani abu, sai kuka ya zo, irin wanda na daɗe ban yi ba. Ba ta ce in yi haƙuri ba, ba ta ce in yi shiru ba. Ta zauna a ƙasa kusa da ni ta riƙe mini hannu har wani mai amalanke ya zo wucewa ta tsayar da shi. Kafin mu isa gida an riga an bazu nemana, maigidana yana kan babur yana bin ƙauyuka, taron suna ya watse.

A daren ranar zazzaɓi ya rufe ni, kwana kaɗan ciwon ya tashi gaba ɗaya, aka koma da ni Maradi aka ba ni gado. Ina kwance na ga ɗiyata ta shigo da jaririya a baya. Mai jego ce, ba ta yi ko rabin wanka ba, bai kamata ta taka ko zaure ba, amma ta ce da Inna ko a bar ta ta zo ko ta taho da ƙafa. Na juya fuskata bango kamar yadda na saba yi mata. Ta zagayo ta tsuguna ta inda nake kallo.

Ta ce, "Yaya, yau kam sai kin dube ni."

Na dube ta. Ta ce, "Ni ba ruwan zafi na zo nema gida ba. Ruwan zafi ko a gidan mijina akwai mai dafa mini. Wurinki na zo. Kin tafi kin bar ni da wa?"

A ranar, a gaban maigidana da Inna wadda ta rako ta, na faɗi duk abin da na ɓoye, har da maganar nan da ke maimaita kanta a kaina. Maigidana ya fita waje ya daɗe bai dawo ba, da ya dawo idanunsa sun yi ja. Ɗiyata ce ta tare likita ta gaya masa. Ya ja kujera ya zauna, ya ce ya yi baƙin cikin da bai tambaye ni tun da wuri ba. Ya bayyana mana cewa wannan ma ciwo ne, ciwon damuwa, kuma yana yawan biyo masu lupus. Wani lokaci ciwon kansa ke taɓa ƙwaƙwalwa, wani lokaci ƙwayar da ta cika mini fuska ke hana barci ta hana natsuwa, ga kuma rayuwar da aka raba mutum da ita rana ɗaya. Ya ce zai rage ƙwayar a hankali, kada in kuskura in daina da kaina, sannan zai haɗa ni da likitan da ke duba irin wannan matsalar.

Nan na tubure. Na ce ni ba mahaukaciya ba ce, ba za a ƙara mini wani sunan a gari ba. Wadda ta karya mini gardama ita ce wadda ban taɓa zato ba. Inna ta jira kowa ya fita, ta zauna a bakin gado tana gyara ɗaurin kallabinta ba ta kallona. Ta ce lokacin da ta rasa 'ya'ya biyu a shekarar ƙyanda, kafin a haifi maigidana, ta yi kusan shekara ba ta magana, tana zama a bakin rijiya har a zo a janye ta. Ta ce a lokacin babu wanda ya san ciwo ne, duka ma an yi mata don ta dawo hayyacinta. Ta ce da akwai likitan abin a zamaninta, da rarrafe za ta je. Sannan ta koma muryarta ta kullum, ta ce in tashi in sha kunu ya huce.

Na je. Ba zan ce muku na warke nan take ba. An ba ni magani, an kuma riƙa zama da ni ana magana, abin da da farko na ɗauka ɓata lokaci ne. Watanni suka wuce kafin barci ya dawo, kafin wata safiya jikata ta kama mini yatsa ta kai baki in ji dariya ta fito mini da kanta. Har yanzu akwai ranakun da nake tashi in ji duhun nan yana leƙowa, ƙafafuna su fara neman hanya. Bambancin shi ne yanzu ina faɗa. In ce da maigidana yau ba ni da daɗi, shi kuma ya daina yi mini wa'azi, sai ya ɗauko tabarma ya zauna muna ɓarar gyaɗa. Na koma sana'a ta wata fuskar. Ina fita da sassafe da laima da riga mai dogon hannu, in dawo kafin rana ta yi ƙarfi, sauran cinikin a salula nake yi, masu awaki kuma sun koyi kawo mini su har gida in duba a ƙarƙashin rumfa. Ban kai yadda nake da ba, kuma na daina jiran in kai. Inna ta rasu bara, Allah ya jiƙanta. Ɗiyata kuwa yanzu ina kiran sunanta, mata suna yi mini tsiya, ban damu ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne na san ba ni kaɗai ba ce. Duk lokacin da na je ganin likita ina ganin mata a kan benci, wasu da tabon nan a fuska, wasu fuskar ta cika, kowace ta lulluɓe kanta ta yi shiru. Nadamar da nake yi ita ce watannin da na yi ina cewa da sauƙi, har na kusa mayar da ranar farin cikin ɗiyata ranar makoki. 'Yar'uwa mai irin ciwona, ki sha maganinki, ki kiyayi rana, amma idan kin ji zuciyarki ta mutu alhali jikinki yana tashi, ki faɗa wa likita kamar yadda za ki faɗa masa ciwon gwiwa. Hakan bai taɓa imaninki ba, ni da na nemi magani ne ma na dawo ina sanin abin da nake karantawa a salla. Da an gaya mini tun farko cewa ƙarfin hali ba shi ne yin shiru ba, da ban sha wahalar da na sha ba.

Ku kuma mazaje da iyaye da 'ya'ya, kada cikar fuska ta ruɗe ku. Ku lura da wadda ta daina cin abinci da daɗi, wadda take zagaye gida ba ta zama, wadda kuka karɓe wa kowane aiki don tausayi har ba ta da sauran abin yi a cikinku. Ku bar mata wani abu a hannunta, ko tsince wake ne. Idan kun tambaye ta jiki ta ce da sauƙi, kada ku miƙe tukuna. Ku ɗan ƙara zama, ku sake tambaya.